Filin da ke Gindin Kayan Tarihi: Yadda Ake Riƙon Ƙasa a Wuraren Tarihin Katsina da Daura

Duk baƙon da aka kai ganin Hasumiyar Gobarau a tsakiyar birnin Katsina, abin da yake fara yi shi ne ɗaga kai sama, domin ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15 ba abu ba ne da ido ya saba gani kullum. Magini kuwa, wanda ya tashi a cikin sana'ar tubali da yaɓe, idan aka kai shi gaban irin wannan gini gindinsa yake fara dubawa: ina ruwan indararo yake sauka, ta ina yake bi ya fita, me aka dasa kusa da bango, wa ke zama a inuwarsa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da gidan da ya fi kusa ta kai taku nawa. Wannan duba na magini shi ne ainihin abin da hukumomin adana kayan tarihi suke kira kula da fili, kuma shi ne sashen aikinsu da jama'a ba su cika lura da shi ba, alhali a nan ne ake yanke wa yawancin tsofaffin gine-ginenmu hukuncin rayuwa ko rushewa.

Gidan tarihi yana riƙe da amana iri biyu. Akwai kayan cikin ɗaki, irin su takobi da sulke da tambari da rubutun hannu na malamai, waɗanda kowanne yake da lamba a rajista, ana iya ƙirga su da safe a sake ƙirgawa da yamma. Akwai kuma ƙasar da ginin yake zaune a kanta, da harabarsa, da itatuwansa, da hanyoyin da ruwa da mutane da dabbobi suke bi ta cikinta. Idan takobi ya ɓata, nan take za a sani, a kira 'yan sanda. Amma fili ba ya ɓata a rana ɗaya. Yau a ga mai shayi ya kafa tebur a jikin katanga, baɗi teburin ya zama rumfar kwano, shekara ta uku a ga an zuba harsashin bulo, kuma kafin a farga an haifi yaran da ba su taɓa sanin wurin ba tare da shagon ba.

Matsala ta farko ta takarda ce. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa an kafa ta ne da doka mai lamba 77 ta shekarar 1979, ta gaji ma'aikatar kayan tarihi da Turawa suka soma a 1943, kuma dokar ta tanadi hanyar da ake bi a ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, ta haramta rushe shi ko sauya masa kama ba tare da izini ba. Sai dai shekara guda kafin nan, a 1978, an yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗora amanar filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a filayen karkara. Saboda haka ayyana gini a matsayin abin tarihi daban, takardar mallakar filin da ke kewaye da shi daban, kuma ba ofis ɗaya ke bayar da su ba. A jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, akwai kuma Hukumar Binciken Tarihi da Kyautata Al'adu ta jiha, sannan ga masarautun Katsina da Daura, waɗanda hakimansu da dagatai da masu unguwanni su ne suka san iyakokin da ba a rubuta ba, wato daga wace tsamiya zuwa wace rijiya filin wane ya tsaya. Filin da hannaye huɗu ke ikirarin kula da shi sau da yawa yakan zama wanda babu mai tsaronsa. Abin da hukuma mai hankali take fara yi, tun kafin ta sayi fenti ko ta kafa allon sanarwa, shi ne ta kira ma'auna ƙasa su auna, a zana taswira, a kafa turakun siminti a kusurwoyi a gaban mai unguwa da maƙwabta, sannan a ajiye kwafin taswirar a ma'aikatar filaye da fadar sarki da ofishinta. Aiki ne marar armashi, ba a yanka masa ƙyalle, amma duk sauran ayyukan a kansa suke tsaye.

Daga takarda sai ruwa, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Daminar Katsina gajeriya ce, watanni huɗu ne kusan duka, amma ruwan Agusta yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Mutane da yawa suna zaton ruwan da ke dukan bango daga sama ne yake kayar da ginin ƙasa. Yana yi masa illa, gaskiya ne, amma wannan illa ce da yaɓen shekara-shekara yake magancewa. Wanda yake kisa shi ne ruwan da ya kwanta a gindi. Bangon ƙasa yana tsotsar damshi daga ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani yake tsotsar mai, damshin ya hau da gishirin ƙasa, idan rani ya zo ruwan ya bushe gishirin ya rage, ya riƙa marmashe bangon daga ƙasa, har gindin ya sirance ya kasa ɗaukar nauyin abin da ke kansa. Wanda ya lura da tsofaffin gidajen cikin birni zai ga wannan zaizaya a daidai tsayin gwiwa, kamar an bi bangon da fartanya.

Na taɓa tsayawa da wani dattijon magini a harabar wani tsohon soro da aka yi wa gyara irin na zamani, an shafe bangon da siminti, an shimfiɗa bulon daɓe har jikinsa, wurin ya yi fes. Na ce masa, "Baba, ai yanzu kun huta da yaɓe." Bai amsa ba sai da ya sunkuya ya ƙwanƙwasa simintin da bayan yatsansa, sai ga ƙara irin ta ƙwarya da babu komai a ciki. Ya ce, "Ɗana, ƙasa numfashi take yi. An toshe mata hanci ta sama, an toshe ta ƙasa, to ina ruwan da ta sha zai fita?" Ya nuna mini inda daɓen ya fi gindin bangon tudu, ta yadda duk ruwan harabar jikin ginin yake gangarawa. Bai ƙara komai ba, ya karkaɗe hannunsa.

Abin da dattijon ya nuna shi ne abin da masana adana ginin ƙasa suke koyarwa a ko'ina: a bar ƙasar da ke gindin bango a buɗe ko a rufe ta da abin da iska ke ratsawa, a yi mata gangare zuwa waje, a tsawaita indararo yadda ruwansa zai faɗi nesa, a sa dutse ko tsakuwa a inda yake faɗuwa don kada ya fantsamo, a kuma yashe magudanan ruwa kafin ruwan farko. Wahalar ita ce yawancin abin da ke kawo ruwan ba a cikin harabar gidan tarihi yake ba. Duk lokacin da aka sake zuba wa titi kwalta, titin yana ƙara tudu, tsohon ginin da ke gefensa yana komawa cikin kwari. Haka nan kududdufan cikin birni, waɗanda asalinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa ne, su ne suke karɓar ruwan unguwanni idan an yi mamako. Ba na musun cewa kududdufi matattarar sauro da shara ne, kuma mai gida kusa da shi yana da hujjar son a cike shi. Amma idan aka cike ba a yi wa ruwan wata hanya ba, ruwa ba ya manta hanyarsa, zai nemi wuri mafi kwari ya kwanta, kuma wuri mafi kwari a tsohon birni shi ne gindin gini mafi tsufa. Don haka jami'in gidan tarihi da ba ya zama a teburi ɗaya da masu tsara birni da injiniyoyin hanya, yana gadin ƙofa ne alhali ɓarawon ta rufi yake shigowa.

Wannan ne dalilin da ya sa duniya ta amince da abin da za a iya kira zoben kariya, wato wani yanki a kewayen wurin tarihi wanda ba lallai hukuma ta mallake shi ba, amma tana da ta cewa a kan abin da za a gina a cikinsa, da tsayinsa, da inda ruwansa zai bi. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta bayyana cewa ba a raba gini da muhallin da yake zaune a ciki, sannan tsarin wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ta kafa da yarjejeniyar 1972 ya mayar da wannan zobe abin da ake tambaya idan ƙasa ta nemi a yi wa wurinta rajista. Wurare biyu da Nijeriya ta fara samu a wannan jeri, Sukur a jihar Adamawa a 1999 da kurmin Osun a Osogbo a 2005, duka biyun ƙasa ce aka yi wa rajista, da duwatsunta da gonakinta da itatuwanta. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Agadas a Jamhuriyar Nijar, wadda aka sa a jerin a 2013: hasumiyar masallacinta mai mita 27 ita ce abin da kowa ya sani, amma abin da aka yi wa rajista shi ne tsohon birnin da unguwanninsa. Hasumiya tana da kwarjini ne matuƙar ita ce ta fi komai tsawo a inda take. Ranar da aka gina bene mai hawa huɗu a maƙwabtan Gobarau, ko ba a taɓa tubalinta ɗaya ba, an rage mata wani abu da yaɓe ba zai mayar ba.

Ganuwa ita ce ta fi kowane abu wuyar riƙo, saboda ba harabar da za a kewaye a sa mata ƙofa ba ce. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta zagayen birnin da mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20. A zamanin da ganuwa take kare rayuka, gyaranta aikin gayya ne da sarki yake sawa bayan damina, kowane ɓangare na jama'a da rabonsa. Bayan shigowar Turawa a 1903, wanda ake cewa ta Ƙofar Yanɗaka suka shigo, wannan buƙata ta kau, ganuwar ta zama tarin jar ƙasa mai kyau da ke kusa da masu gini. Sunayen ƙofofin suna nan a bakin kowa, Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa da Ƙofar Ƙwaya, har sun zama sunayen unguwanni, amma bangon da ya haɗa su ya yi saura a wurare kaɗan. A ganina, maganar maido da ganuwar gaba ɗaya ɓata lokaci ce, kuma tana ɗauke hankali daga abin da zai yiwu. Abin da zai yiwu shi ne a zaɓi guntayen da suka rage, a auna su, a hana ɗibar ƙasa da zuba shara a jikinsu, a toshe hanyoyin da awaki da yara suka yi a kansu, tunda kowace irin wannan hanya kwazazzabo take zama da damina, sannan inda bangon ya riga ya tafi a bar layinsa a matsayin hanyar ƙafa ko jerin itatuwa, domin mai zuwa nan gaba ya iya gane inda birni ya tsaya.

Maganar itatuwa tana da fuska biyu. Inuwa ita ce take sa mutum ya zauna a harabar gidan tarihi maimakon ya leƙa ya wuce, kuma itatuwa suna karya ƙarfin iska da ƙurar hunturu. Amma bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, da aka dasa dab da bangon ƙasa saiwarsa takan shiga ƙarƙashin harsashi, ganyensa ya toshe indararo, busasshen reshensa kuma ya gayyato gara zuwa ga azarar rufi. Ƙa'idar ita ce a nisanta sabon dashe daga gini, a riƙa sassabe rassan da suka hau kan rufi, kuma a fifita itatuwan gida irin su tsamiya da kurna da aduwa da kuka, waɗanda su kansu tarihi ne. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, kuma yanzu take ɗauke da gidan tarihi na ƙasa, misali ce ta wurin da sararin waje yake cikin labarin. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da takwarorinsu ba a cikin aji kaɗai aka tarbiyyantar da su ba, har da filin wasa, inda ake buga kurket da wasan ƙwallon hannu na jikin bango wanda Sardauna ya riƙe har girmansa. Wanda ya adana azuzuwan ya bar sararin da ke tsakaninsu ya cika da sababbin ofisoshi, rabin makarantar ya adana.

A Daura lamarin ya ɗauki wata siffa. Rijiyar Kusugu, inda labarin Bayajidda ya ce ya kashe macijin da ya hana mutanen Daurama ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, an kewaye ta da gini, kuma baƙi sukan nemi a ɗebo musu ruwanta su sha. Amma rijiya ba bakinta ne kaɗai rijiya ba. Ruwanta daga ƙarƙashin unguwa yake tsattsafowa, saboda haka masai da ramin ruwan wanka da rijiyar burtsatse da wani ya haƙa a gidansa duk suna da hannu a tsabtarta da zurfin ruwanta, ko da katanga ta raba su da ita. Iyakar da ya kamata a kula da ita a nan ba ta bayyana a saman ƙasa, kuma ba za a iya tsaronta da mai gadi ba, sai da fahimtar juna da maƙwabta ta hannun fada. Haka kuma filayen ƙofar fada, na Daura a lokacin Sallar Gani da Filin Kangiwa a gaban Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, a lokacin hawan Salla, amfaninsu shi ne zamansu a sarari. Filin da dawaki ɗaruruwa za su yi sukuwa a cikinsa sau biyu ko uku a shekara dole ya zauna babu komai a sauran kwanakin, kuma wannan zaman banza da ido ke gani shi ne yake jawo masu shawarar a yi shaguna ko wurin ajiye motoci.

Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani gabas da Katsina, ba ta da bango ko rufi, tuddai ne na ƙasa da aka binne manyan mutane a cikinsu. H. R. Palmer ya haƙa wasu a 1907, aka sake haƙa wasu a 1992 ƙarƙashin jagorancin Dierk Lange, kuma kayan da aka samu a haƙan na biyu, na ado da na ƙarfe da duwatsun wuya da wuri, an kai su birnin Mainz na Jamus an gyara su. A irin wannan wuri ƙasar ita ce akwatin ajiya. Abokan gabarta su ne garmar da ke nitsewa da zurfi, da zaizayar ruwa idan tudu ya zama tsirara, da masu haƙan dare. Maganinta ciyawa ce mai gajeriyar saiwa da za ta riƙe tudun, da kiwo daidai gwargwado wanda zai hana sarƙaƙiya tashi ba tare da kofato ya tone ƙasar ba, da yarjejeniya da manoman da gonakinsu suka yi iyaka da wurin a kan inda garma za ta tsaya. Mai gadi ɗan ƙauyen, wanda kowa ya san gidansu, ya fi shingen waya amfani, domin waya da kanta abin sata ce.

Ingila ta daɗe da gane wannan. Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, tana riƙe da ƙasa kusan hekta 250,000, mafi yawanta gonaki da makiyaya da ta bayar haya bisa sharuɗɗa, kuma wata doka ta 1907 ta ba ta ikon ayyana filinta a matsayin wanda ba a sayarwa ba a jinginarwa. Mu ba baƙin wannan tunani ba ne, shi ne waƙafi, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika amfani da shi wajen kare filayen tarihi ba, alhali mutumin da zai iya cin filin gwamnati ba tare da ya ji komai ba yakan yi shakkar taɓa na waƙafi. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, yaɓen babban masallaci biki ne na shekara-shekara da gari duka yake fitowa, wanda ya nuna aikin gayya bai mutu ba inda jama'a suke ganin ginin nasu ne.

Kuɗi kuwa kullum ba sa isa, shi ya sa hukumomi suke waiwayar filin da kansa don ya ciyar da kansa, ta hanyar ba da hayar haraba ga masu biki ko baje koli ko masu sana'ar hannu. Ban ga laifin wannan ba muddin an kiyaye abu biyu. Duk abin da za a kafa ya zama wanda za a iya kwashewa gobe, rumfa ko tanti, ban da harsashi, kuma kuɗin da fili ya kawo a ga alamarsa a jikin filin. Akwai kuma batun lokaci, wanda ya fi yawan kuɗin muhimmanci: yashe magudana da gyaran indararo aikin Afrilu da Mayu ne, yaɓe aikin bayan kaka ne, kuma naira dubu da ta zo kafin ruwan farko ta fi dubu goma da ta zo bayan bango ya faɗi.

Akwai wata ƙasar da gidan tarihi yake buƙata wadda ba a kanta yake zaune ba. Yaɓe yana buƙatar jar ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita tun asali, kuma ramukan da ake samunta a bayan gari su ma ana yanka su fuloti. Makubar da ake shafa wa bango don ta kore ruwa daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake jiƙo ta, laso, wato shafen da ke hana ruwa shiga gini, yana buƙatar katsi daga marina, azarar da ke ɗauke da rufin soro kuwa daga giginya ake faskaro ta, saboda gara ba ta cika cinta ba. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ta yadda wanda ya dasa ta ba shi ne yake faskara ba. Hukumar da take son a iya gyara rufin tsohuwar Kwaleji ko sorayen fada nan da shekaru hamsin, tun yanzu ya kamata ta nemi a keɓe mata ramin ƙasa guda a bayan gari da wani yanki na fadama da za ta dasa giginya da ɗorawa, a auna su, a kafa musu turaku, a shigar da su rajista kamar yadda aka shigar da takobi da tambari.